Takalmin da Teku Bai Ci Ba

Ranar Litinin da hantsi motar Tasi'u ta shigo Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, daga Gana. Ina zaune a bencin mai shayi na ƙofar masallaci. Ni in mutum ya sauko daga mota ƙafarsa nake fara dubawa kafin fuskarsa. Shekara arba'in da na yi ina bin sawun ɓatattun shanu a karar Akinyele ita ta bar mini wannan ciwo, har sunana Ikrima ya ɓace, kowa sai Mai-sawu. Mutum goma sha uku suka sauko, kuma duk su sha ukun silifas iri ɗaya ne a ƙafarsu, shuɗi mai hoton kifi, har da Malam Abdulmuhaimin da rawaninsa. Tasi'u direba kaɗai ya diro da tsohon kambas ɗinsa.

Abin dariya ne, amma ba wanda ya yi dariya cikin matafiyan. Ba kuma wanda ya ce wa direba sannu da hanya.

Kafin azahar labari ya game unguwa. Ɗaurin aure suka je a Akara, babban birnin Gana. Da aka gama biki, mai masaukinsu ya ce ba za su koma Badun ba su ga teku ba, ya kai su Labadi, unguwar masu hali ta bakin ruwa. A can kundin Malam ya ɓace. Kundin nan rubutun hannun mahaifinsa ne, yana cikin wata tsohuwar gafaka ja, kuma tun da tsohon ya rasu Malam bai taɓa tafiyar kwana ba tare da shi ba. Zargi ya sauka a kan Tasi'u, don an ce lokacin da abin ya faru kowa yana sahun la'asar, shi kaɗai ne ba ya ciki.

Da yamma sai ga shi a ƙofar ɗakina. Ya durƙusa.

"Baba, mai mota ya karɓi makulli," in ji shi. "Mai gida kuma ya ce ran Juma'a bayan masallaci, ko kundi ya fito, ko in kwashe iyalina in bar masa ɗaki. Ya ce ba zai ajiye wanda ya yi wa Malam sata ba. A Sabon nan aka yanke mini cibiya, Baba. 'Ya'ya huɗu. Ina zan kai su?"

"Ka ɗauka?"

"Wallahi ban ɗauka ba."

"Ajiye wallahi tukuna, ba ta ƙara wa sawu zurfi. Ina kake lokacin salla?"

"Wajen mota. Kayan mutane na ciki, gilashin baya kuma ba ya rufuwa. Nan na yi sallata a gindin taya."

"Wa ya gan ka?"

"Babu. Amma akwai wani mai doki, irin masu ɗora baƙi suna zagayawa da su a bakin ruwa. Tun da muka shimfiɗa tabarma yake shawagi a wurin."

"An caje ka?"

"An caje ni, an zazzage mota, har ƙarƙashin kujera."

"Jakunkunan sauran fa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Haba Baba. Wa zai buɗe jakar alhazai?"

Na ce ya je gida ya ci tuwo, kada kuma ya ɗaure ko tsinke daga kayansa. Ban taɓa ganin teku ba, sawun da ake so in bi kuma yana wata ƙasa, ruwa ya daɗe da share shi. Amma na san Tasi'u tun yana kwandasta a tashar Ojoo, na kuma san abin da Sabo ke yi wa wanda ta sa wa suna ɓarawo. Na ce a raina, ko a kan ruwa aka yi tafiyar nan, sai na bi ta.

Washegari na sami Malam a zaurensa bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Ya rame a kwana uku.

"Allah gafarta Malam, ina so ka ba ni labarin ranar nan tun daga ƙofa."

Ya yi ajiyar zuciya. "Wuri ne na 'yan duniya, Mai-sawu. Sai an biya ake shiga. Otal-otal duk gilashi, Turawa kwance a rana kamar an shanya kilishi. Ga makaɗa, ga masu gasa kifi, ga wani babur da ke gudu a kan ruwa. Jama'a suka hau doki, suka sha ruwan kwakwa, wasu suka cika gora da ruwan teku don tsaraba. An yi yayyafi da azahar, yashi ya yi laushi. Muka shimfiɗa tabarma a bayan rumfar wani mai kwakwa, muka tara kaya a kai."

"Gafakar fa?"

"Nan na ajiye ta, don gudun feshin ruwa. Da la'asar ta yi muka matsa fili. Alƙibla a can sai ka ba teku baya. Muka jera takalma a bayanmu kamar yadda ake yi a ƙofar masallaci, taku goma daga ruwa. Mu mun saba da rafi, inda ka bar shi nan za ka same shi. Ashe shi teku tafiya yake yi. Muna raka'a ta uku na ji sanyi a dunduniya. Ban yanke salla ba. Da muka yi sallama babu takalmi ko ɗaya, sai hular Alhaji Shu'aibu tana yawo a kan kumfa. Muka bi ruwa muna lalube. Da muka dawo tabarma, babu gafaka."

"Me jama'a suka ce?"

"Kowa ya ce direba. Yayana ne kawai, Alhaji Mika'ilu, ya ce a bar wa Allah, ɓarayin bakin teku ne, kada a tsananta bincike."

Alhaji Mika'ilu uba ɗaya suke da Malam, ya girme shi da shekara takwas. Shi bai yi karatu mai nisa ba, goro ya bi tun yana saurayi.

"Duk sha ukun kuna sahu?"

Malam ya ɗan kau da kai. "Ban da Hajiya Muhibbat. Ita ba ta salla a ranar. Wasu ma sun fara raɗa a kanta."

Hajiya Muhibbat mayafai take sayarwa daga cikin gida, ta waya. Mijinta na cikin matafiyan, shi ya yi mini iso. Tun kafin in zauna ta fara.

"Baba Mai-sawu, abeg, don Allah, in maganar raɗar nan ce ta kawo ka, ni me zan yi da kundi? Fatiha ma da kyar mai gidan nan ya gyara mini ita."

"Ba ita ta kawo ni ba, 'yata. Ina kike da ana salla?"

"Na bi mai doki can ƙasa ina ɗaukar hoto. Takalmina ma na bar shi cikin nasu, teku ya haɗa da shi. Sabo fil, Baba, daga kasuwar Mokola na saye shi."

"Mai dokin yana tare da ke?"

"Har aka fara ihu yana gabana, yana roƙo in hau, ni kuwa ina cewa jikin nan ba na doki ba ne."

Mai doki ya fita daga zargi ke nan, ita ma ta fita, in dai hoton ya yarda da bakinta. Na ce ta nuna mini. Hotuna sun fi ɗari biyu: teku, otal, kifi a faranti, mijinta a kan doki ya rungume wuyansa kamar za a kai shi lahira. Wayar tana rubuta lokaci a kan kowane hoto, ita take karanta mini. Na ce ta bar sama da ruwa, ƙasa nake so.

Hoto biyu suka tsayar da ni. Na farko ta ɗauke shi kafin salla: ta baza mayafanta a gefen tabarma don talla, ga gafaka ja a kan kaya, yashin gefen kuwa sumul. Na biyu bayan sallama ne. Ta rugo ta ga ko ruwa ya taɓa hajarta, ta ɗauki mayafan daga kusa don ta nuna wa wadda ta yi oda cewa lafiya suke. A kusurwar hoton akwai wani abu.

"Buɗa mini nan."

Ta sa yatsu biyu ta ja, yashi ya taso har ina ganin ƙwayarsa. Sawun takalmi ne, na hagu, ya nufi tabarma. Ba kambas ba ne, kambas zane-zane gare shi kamar haƙoran zarto. Wannan sau-ciki ne mai santsin ƙasa, a dunduniyarsa an yi faci da guntun taya, ga kan ƙusa uku a jere. Ya fi nutsewa ta gefen waje. A kansa kuma wani yatsan ƙafa ya taka rabinsa.

Na tambaye ta, "Da kuka dawo tabarma, wa ke da takalmi?"

"Ba kowa o. Duk huntun ƙafa, har Malam. Sai da mai masauki ya sayo mana silifas ɗin nan."

To sawun ƙafa yana sama, na takalmi yana ƙasa. Mai takalmin ya riga masu ihu zuwa, kuma kafin salla bai zo ba. Na ce ta riƙe hoton nan kamar yadda take riƙe da kuɗin jarinta, ranar Juma'a kuma ta zo da wayar cike da caji.

A Sabo baduku ɗaya ne ke faci da taya, Zainulabidin na bakin kasuwa. Na zana masa dunduniyar a ƙasa da tsinke.

"Aikina ne," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ƙusa uku nake sa wa mai cin dunduniya ta gefe. Mutum biyu na yi wa bana. Ladan, da Alhaji Mika'ilu."

Ladan bai je Gana ba, duk unguwa ta ji kiran sallarsa a kwanakin. Amma maganar baduku ba hujja ba ce. Mutum zai ce ya je tabarma ɗaukar carbi kafin ya shiga sahu, sannan teku ya cinye takalmin tare da na kowa. In dai takalmin yana cikin teku, to Tasi'u ya bar Sabo.

Ranar Laraba aka kwana ana ruwa, irin na Badun mai tafiya da gadar kwata. Alhamis da safe na bi ta shagon goron Alhaji Mika'ilu. Yana zaune a kan buhu, shuɗin silifas a ƙafarsa.

"Mai-sawu, an ce kana bin sawu a kan teku," ya ce yana dariya. "In ka kamo kifi a sammana."

"Alhaji, tsufa ne, ba a zama haka nan. Yaya kasuwa?"

"Kasuwa sai godiya. Yaran yanzu ba sa cin goro, alewa suke tauna." Ya miƙo mini fari guda. "Shawarata a bar maganar nan. Ni na ce ba yaron nan ba ne. Abin da ya tafi ya tafi."

"Ka faɗa wa mai gidansa haka?"

"Ai ba a tambaye ni ba."

Na roƙi izinin kewayawa. Bayan shagon akwai fili inda ake wanke goro kafin a naɗe shi a ganye, kullum ƙasar a jiƙe take, ja mai danƙo. Silifas ɗin roba ba ya tafiya a irin wannan wuri, zame mutum yake. Ban yi taku biyar ba na gan shi a gefen randa: hagu, facin taya, ƙusa uku, nutsewa ta waje. Gefensa ko bushewa bai yi ba. Na ɗauki wani tsohon daro da aka yasar na kife a kai, na ɗora dutse, kamar yadda muke yi wa sawun saniya a daji kafin a kira shaidu.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam ya tara matafiyan a zaurensa bisa roƙona. Mai gidan Tasi'u ya zo, mai mota ya zo yana kaɗa makulli a yatsa. Tasi'u ya rakuɓe a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa masa.

Na ce, "Tambaya biyu gare ni, kowa zai amsa. Wa ke kusa da kai a sahu, kuma wane takalmi teku ya ci maka?"

Aka fara daga dama. Wannan ya ce wane na hagunsa, wane na damansa, wancan ya tabbatar. Alhaji Shu'aibu ya ce shi ban da takalmi har hula, aka ɗan murmusa. Sunaye suka yi ta zagayawa, kowa wani ya ambace shi. Mutum ɗaya ne ba a ambata ba.

"Ni ina sahun baya, can ƙarshe," in ji Alhaji Mika'ilu. "Na makara wajen alwala."

"Takalmin fa, Alhaji?"

"Sau-cikina baƙi. Kowa ya san shi."

"Mai facin taya?"

"Shi. Takalmin kirki, shekara shida ina sa shi. Yana can cikin teku."

"Ka tabbata teku ya ci shi?"

"Da idona na ga ruwa ya ja shi."

Na sa Hajiya Muhibbat ta buɗa hoton, waya ta zagaya hannu-hannu. Na nuna musu ƙusa uku, na nuna musu yatsan da ya taka a kai. Alhaji Mika'ilu ya duba ya miƙa wa na gaba.

"To sai me? Na je tabarma na ɗauki carbina, sannan na zo na ajiye takalmi cikin na jama'a."

"Haka ma yana yiwuwa," na ce. "Allah gafarta Malam, a taimaka a taka zuwa bayan shagon Alhaji. Gida biyu ne tsakani."

Muka fita gaba ɗaya, shuɗin silifas na ta ƙara a kan titi. Na ɗauke dutse, na ɗaga daro. Hajiya Muhibbat ta sunkuya ta ajiye wayar a gefen sawun. Ba wanda ya nemi in yi bayani.

"Tsohon sawu ne," in ji Alhaji Mika'ilu. "Tun kafin tafiya."

"Ruwan Laraba ya ɗauke gadar kwata, Alhaji, sai sawunka ya bari?" Na miƙe. "Takalmin da teku ya ci a Gana ran Asabar, ga shi yana wanke goro a Sabo ran Alhamis. Ba ka shiga sahu ba. Ka ɗauki gafaka ka sa a jakarka. Da ka ga kowa ya koma huntun ƙafa, ka gane takalminka zai tona ka, ka cire shi ka tura cikin jakar, ka shiga cikin masu lalube. Da ka jefa shi a ruwa, da yau ba ni da abin cewa. Amma takalmin kirki ne, shekara shida."

Alhaji Mika'ilu ya dubi sawun ya daɗe. Sannan ya shiga shago, muka ji yana ture kwanduna. Ya fito da gafaka ja naɗe a ganyen goro, ya miƙa wa ƙaninsa da hannu biyu.

"Shekara talatin da rasuwar tsohonmu," ya ce. "Rubutun ubana ne ni ma. Ban taɓa riƙe shi ba. An ce akwai laƙanin kasuwa a ciki, kasuwata kuma ta mutu a tsaye. Na buɗe shi kwana biyar, ko layi ɗaya ban iya karantawa ba."

Malam ya kwance gafakar, ya buɗe wata warƙa ta tsakiya, ya juya ta wajen yayansa.

"Babu laƙanin kasuwa, Yaya. Addu'o'i ne da kowa ya sani, sai ranakun haihuwarmu. Ga taka nan, ita ce ta farko. Ya rubuta, Allah ya ba ni ɗa, na sa masa Mika'ilu, Allah ya sa ya riƙe 'yan'uwansa." Ya rufe. "Da ka tambaya, da na kawo maka har gida. Wannan tsakaninmu ne, za mu yi magana. Amma haƙƙin da ya fi nauyi ba nawa ba ne."

Ya juya ya nemi Tasi'u, wanda ke tsaye can baya jikin katanga. Malam ya ratsa jama'a ya je gabansa, ya kama hannunsa.

"Na ji ana zarginka na yi shiru. Ka yafe mini."

Tasi'u ya so ya durƙusa, Malam ya hana shi. Mai gida ya fara gyaran murya yana cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Hajiya Muhibbat ta ce, "E, shi ya sa ka aiko a auna ɗakin ran Talata," ya haɗiye sauran maganar. Mai mota ya matso ya sa makulli a tafin Tasi'u, ya ce akwai lodin Ojoo da asuba.

Alhaji Mika'ilu ne ya zo ƙarshe. Ya tsaya a gaban direban, sa'an ɗansa a shekaru, ya cire hularsa.

"Ban yi nufin ya faɗo kanka ba."

"Na sani, Alhaji," in ji Tasi'u. "Amma da ya faɗo, kana kallo. Matata ta riga ta ɗaure tukwane." Ya juya makullin a hannunsa. "Na bar ka da Allah. Ni zan je in ce ta kwance."

Na raka shi har kwanar gidansu. A hanya ya ce, "Baba, in an sake tafiya Gana, kujerar gaba taka ce. Ka je ka ga tekun nan da idonka."

Na ce, "Ƙasar da ke share sawu sau biyu a rana? A kai kasuwa. Ka dai gyara gilashin bayan nan, in ana salla ka shiga sahu."

Daga cikin gida muka ji ƙarar tukwane, matarsa ta riga ta sami labari, tana mai da su kan murhu.